Audugar Saman Silin

Kampung Baru, 6 Afrilu 2020

Ƙanena Muhyiddeen,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a wannan kulle. Ga tuwo na ba mai babur, ka dawo mini da kulata.

Masu gyaran gida sun ɓalle silin ɗin falo, aka saka dokar kulle, suka tafi suka bar shi a buɗe. Na leƙa sama na tarar da auduga jibge, tun ta zamanin kakan mai gidan. Ban bari ta lalace ba, na cusa filo. Ga kaɗan a ambulan ka gani, tunda gini kake karanta.

Ɗiyata Fiddausi dai tari ya ƙi barinta, an gwada ba korona ba ce. Babanta ya maƙale a Kano, ni kaɗai nake fama.

Yayarka,
Hajjo

Brickfields, 6 Afrilu

Yaya Hajjo,

Bayan gaisuwa, kin tayar mini da hankali. A leda ɗaya da tuwona kika saka ta!

Wannan ba audugar filo ba ce. Ko dai ta gilashi ce mai sa ƙaiƙayi da tari, ko asbestos, wadda ƙurarta ke zama a huhu ta yi illa bayan shekaru. Ido ba ya bambancewa, sai an kai gwaji.

Kada ki yi shara, ki kashe fanka. Takunkumin atamfarki ba ya tare wannan ƙura. Ki yayyafa wa filon ruwa, ki ɗaure a leda biyu, ki rufe falon ki toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tsumma. Yau ɗin nan ki fitar da yarinyar.

Ƙanenki,
Muhyiddeen

Kampung Baru, 8 Afrilu

Muhyiddeen,

Ina gaisuwa, ko da yake ka yi mini faɗa kamar kai ka goye ni. Na yi duk abin da ka ce. Muna ɗakin bayan maƙwabciya, ta ce boleh, wato ba komai a yaren mutanen ƙasar nan, mu zauna har a buɗe gari.

Sati biyu ɗiyata tana kwana a kan abin nan, kuma ni na ɗinka mata da hannuna. Na tsorata ƙwarai.

Sai dai filo uku na yi, biyu ne a ledar. Na ukun shi ne wanda na aiko maka, ka ce ya raba ka da ciwon wuya.

Yayarka,
Hajjo

Brickfields, 17 Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Sakamako ya fito, ta gilashi ce, ba asbestos ba. A kai Fiddausi likita ya duba ƙirjinta, amma ki kwantar da hankalinki. Silin kuma a bar wa masu aikinsa.

Sati biyu ina susar wuya ina zagin sabulu. Ga kularki. Tuwo kawai, don Allah.

Muhyiddeen