Kira Uku da Ban Ji Ba

Litinin, 14 ga Oktoba, 2024
Amatullah ta dawo da takarda maƙale a rigarta da fil. Wai za a mayar da ita nazare daga aji ɗaya, tunda iyaye sun ƙi amsa kira har sau uku. Wane kira? Na zazzage jakarta, ba komai sai ɓawon gyaɗa da guntun fensir.

Talata, 15 ga Oktoba
Abbanta ya ce shi bai ga saƙon kowa ba, ya wuce shago. Na buɗe littafin labarin da nake karantawa, layi ɗaya na maimaita sau biyar. A labari da tuni na gane muguwar. Nan kuwa ko fuskar malamar ajinsu, Malama Dorcas, ban sani ba. A raina na ba ta tsawo da jan farce.

Alhamis, 17 ga Oktoba
Na rubuta mata shafi biyu. Na yage.

Litinin, 21 ga Oktoba
Na je da kaina, karo na farko. 'Yar fari ce, ina ni ina bin ta makaranta mutane na kallo?

Ashe gajeruwa ce, alli har a goshinta. Ta ce, "Maman Amatullah, kina garin nan dama? Na ɗauka rasuwa kika yi." Ta nuna mini wayarta: saƙo uku da Turanci, kowanne an amsa da murya. Ta kunna. Sai ga surukina, Baba Alhaji, daga Miri, yana ta sa albarka minti biyu, zakara na cara a bayansa. Ta ce, "Addu'an na da kyau, na ce amin. Amma yarinyan ba ya ganin allo."

Ba ta gani? Ni da nake murna in na ga ta manna hanci a takarda, ina cewa ni ta gado.

Talata, 22 ga Oktoba
Na tambayi Abbanta me ya sa lambar Baba ce a fom. Ya sunkuyar da kai. "To ni zan rubuta kaina a kan 'yar fari? Ai ta Baba ce." Na so in yi fushi, na rasa da wa. Ni ma da hakan zan yi. Ko ba haka ba?

Juma'a, 1 ga Nuwamba
An yi mata tabarau. A keke ta yi ta nuna mini abubuwa, wai ashe bishiya ganye ɗai-ɗai ne da ita. Malama ta ce a bar ta a ajin, benci na gaba, a gani zuwa ƙarshen zango. Lambata na rubuta musu.

Lahadi, 3 ga Nuwamba
Mun je Miri. Baba Alhaji ya ce wace 'yar boko ce wannan mai ido huɗu. Na ce, "'Yata ce, Baba." Suɓutar baki ce, ina jin. Inna, surukata, ta dube ni ta daɗe.

Ban gyara ba.