Sun Ɓoye Min Buzuna, Sun Haɗa Ni da Katifar Iska

Assalamu alaikum Malam Sirajuddeen. Don Allah ka taimake ni da shawara, abin ya tsaya min a rai, kuma duk wanda zan kai wa kuka a gidan nan bakinsu ɗaya. Ni ban yi boko ba. Maƙwabcina, malamin firamare ne da ya ajiye aiki, shi yake karanta mana filinka a gindin dalbejiya, shi kuma na sa ya rubuta min wannan. Na ce masa kada ya gyara min magana, yadda na faɗa haka zai sa.

Ni makiyayi ne a Birchi, ƙasar Kurfi. Ban ƙirga shekaruna ba, amma na haura saba'in. Tun ina saurayi, duk shekara in an kwashe dawa mukan kora shanu zuwa gonakin mutanen Kutawa, can wajen Dutsin-Ma. Shanu su ci abin da ya rage a gona, su zuba wa mai gona taki. Kwana uku ko huɗu a wuri ɗaya sai mu ɗaga mu matsa gaba, don takin ya game ko'ina. Haka muke yi har sanyi ya fita. Abin da na rataya a kafaɗa shi ne ɗakina: buta, bargo, da buzuna. Buzun nan fatar ragon da na fara layya da shi ce daga cikin garkena, wani majemi a Kurfi ya jeme min, shi ma ya daɗe da rasuwa. A kansa nake salla, a kansa nake kwana. Gashin tsakiyarsa ya zube, ban musa ba, amma bai taɓa ba ni kunya ba.

Abokin tafiyata Maniru ne. Mun fi shekara arba'in muna bin hanyar nan tare, ƙwarya ɗaya muke shan fura. Bara waccan, a gonar wani Alhaji Ɗanmusa, na zo tashi da asuba ƙuguna ya ƙi, ƙafar hagu kamar ba a jikina take ba. Maniru ya ɗaga ni ya zaunar, ya kawo min ruwa, na yi salla a zaune. Da hantsi ya yi na ji ɗumi, na miƙe abina. Na ce masa, Maniru, maganar nan ta mutu a gonar nan. Ya ce ta mutu. Da bakinsa ya faɗa.

To bara, saura kwana biyu mu tashi, sai ga ɗiyata Rahamatu, nas ce a Dutsin-Ma. Ta zo da wani abu a cikin 'yar jaka, bai fi gorar ruwa girma ba. Ta ce wai katifar matafiya ce, da baki ake hura ta, tana hana sanyin ƙasa shiga jiki. Buzu kuma ta ce in kawo ta kai a wanke shi a ɗinke masa gefe, ran kasuwa za ta aiko min da shi Kutawa. Uwarta Kulu ta sa baki, ta ce ai yarinya ta kyauta. Na ba ta. Ɗiyata ce, me zai sa in yi mata zargi?

Ranar da muka sauka na zauna ina hura abin nan har kaina ya yi jiri, mutanen Kutawa sun kewaye ni suna kallo. Alhaji Ɗanmusa ya tambaye ni ko dam ɗin Zobe zan ƙetare da shi. Kowa ya yi dariya, har Maniru. Na haɗiye. Ba zan yi ƙarya ba, kwana biyun farko na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba, ban ji ƙasa ba, ban ji sanyi ba. A rana ta uku muka matsa inda aka sare dawa. Kai ka san gindin kara in an sare shi da adda a karkace, tsini gare shi kamar mashi, wani ma a cikin ƙasa yake ba ka ganinsa. Buzu bai san da wannan ba, shimfiɗa shi kake yi ka kwanta. Na share wurin da ƙafa yadda na saba, na kwanta. Kafin asuba ina kan ƙasa, tsakanina da ita sai wata 'yar leda.

Kasuwa ta ci, babu buzu. Wata ta sake ci, babu buzu. Kwana tara na yi a kan buhun taki da rabin bargo. Tari ya kama ni, ƙugu ya riƙe, Maniru ya kira Rahamatu a wayarsa, aka ɗauke ni a babur gaban mutane kamar kayan niƙa, aka kai ni asibiti.

A can ne bakinta ya suɓuce. Tana gyara min matashi ta ce, Baba, karo na biyu ke nan fa. Karo na biyu. Na farkon daga ni sai Maniru sai Allah. Na dubi Maniru, ya dubi ƙasa. Daga baya Kulu ta amsa min komai: tun dawowarmu ta bara waccan Maniru ya zo ya gaya musu, su ukun suka zauna suka shirya. Buzu ba a kai shi wanki ba, yana cikin akwatin Rahamatu har yau. Wai in ta ba ni zan ajiye katifa in koma ƙasa. Shekara guda suna gaishe ni suna min murmushi da wannan a cikinsu.

Yanzu kuma sun ce bana ba zan je ba sam, ɗan ƙanena zai kora shanun. Hujjarsu wai ko da katifa ma ciwo na kwaso. Wa ya ba ni katifar? Wa ya hana ni abin da zan koma kansa da ta fashe? Wani lokaci har nakan ce da gangan suka ba ni abin da suka san zai fashe, don su sami abin faɗa. Tun ranar ban yi wa Maniru magana ba. In ya tsaya a sahun gaba na koma na baya. Ya aiko min da goro sau biyu na mayar.

Malam, dawa ta kusa nuna, bai fi mako uku ya rage ba, kuma zan je. Mutumin da ya zauna a gida shanunsa suna gonar wani, ya zama abin ajiya. Na shiga kasuwar Dutsin-Ma wajen masu gwanjo, na ga wata shimfiɗa mai naɗewa, mai ƙuraje kamar abin jera ƙwai, gefe ɗaya yana ƙyalli. Na ga irin ta hurawar nan. Wani kuma ya ce in yanki soson katifar gida kawai. Mai kaya duk wadda na taɓa sai ya ce ita ta fi. Zan sayar da akuya in saya da hannuna, ba na son ta kowa. Wacce zan ɗauka wadda ba za ta kunyata ni ba? Sannan Maniru, yaya zan yi da shi? Hanya yanzu ba ta mutum ɗaya ba ce, kuma na fi shekara arba'in ban bi ta ba sai tare da shi.

Wani dattijo daga Birchi

Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya. Na karanta takardarka sau biyu, kuma zan fara da inda kake da gaskiya. An yi maka ƙarya a kan buzu, wannan ba daidai ba ne ko da kyakkyawar niyya aka yi. An kuma tura ka gonar kara da katifar iska ba tare da an gaya maka rauninta ba, ba a haɗa ka da abin faci ba, an kuma riƙe abin da za ka koma kansa. Kwana taran nan da ka yi a kan buhu ba laifinka ba ne, don haka ba hujja ba ce a kanka.

Amma zargin da gangan, ka cire shi daga ranka. Da bakinka ka ce kwana biyu ka yi barci mai daɗi. Wanda yake so ka kasa ba zai nemo maka abin da zai ɗumama ka ba. Rahamatu asibiti ta sani, ba ta san gindin kara ba. Kuskure ta yi.

Yanzu shimfiɗa. Sanyin da yake kama ƙugu daga ƙasa yake fitowa, ƙasa ce take zuƙe ɗumin jiki. Abin da yake tare shi kuwa iskar da ta maƙale tsakaninka da ƙasa. Buzunka da gashinsa yake riƙe iskar, kuma ka ce gashin tsakiya ya zube, wato daidai inda ƙugu yake sauka. Shi kaɗai ya daina isarka, Baba, gara ka ji daga bakina.

Ka ɗauki mai naɗewar nan mai ƙuraje. Soso ne mai tauri wanda ba ya shan ruwa, ko kara ya huda shi aikinsa zai ci gaba da yi, kuma ba shi da nauyi, igiya za ka sa ka rataya. Gefen mai ƙyalli shi ne sama. Tunda gwanjo ce, ka danna ta da babban yatsa, in ba ta taso ba ta mutu, ka bar ta. Ka shimfiɗa ta a gaban mai kayan ka kwanta a gefenka, kada ka ji kunyar kowa. Ta ɗauke ka daga kai har diddige, kafaɗa kada ta zarce. Kaurinta bai fi yatsa ba, in ƙashin ƙugu ya ji ƙasa ka sayi biyu ka haɗa. In akwai rubutu a jikinta, maƙwabcinka ya duba lambar da ke kusa da harafin R, ita ce take nuna ƙarfin tare sanyi. Irin wannan takan kai biyu, kuma duk abin da ka ɗora a kai ɗumi yake ƙarawa. Soson katifar gida kada ka saya: raɓa yake sha, ya lotse, ya yi nauyi.

Ta iskar ma kada ka yar. A hura ta a danna cikin ruwa, inda kumfa ya fito nan ne hujin, a like da gam, ba facin wuta ba. In ka ɗora ta a kan mai taurin, kara ba zai kai gare ta ba, kuma ita ta fi tausasa wa ƙashi. In ba ka son ganinta, buzu ya hau sama a madadinta. Ko wacce ka zaɓa, ka tone gindin kara da fartanya kafin ka shimfiɗa, ka sa buhu a ƙasa, ka kuma nisanta da wuta, tartsatsi ɗaya yana ɓata su.

Sai abin da ya fi shimfiɗa. Ƙafar da ta mutu da asuba ba lallai sanyi kaɗai ba ne, kuma ni ba likita ba ne. Ka je Dutsin-Ma da ƙafarka, da sabuwar shimfiɗarka a hannu don Rahamatu ta ga ba ƙasa za ka koma ba. Ka nemi buzunka, ka kuma ce ta kai ka likita ya duba bayanka. In ya ce za ka iya, ka tafi, ɗan ƙanenka ya yi gudun bin shanu, kai ka yi jagora, ka fara da mako biyu ka ga yadda jiki zai amsa. In ya ce a'a, to wannan ba makircin kowa ba ne, ka karɓa. Ke kuma Rahamatu, in an karanta miki wannan, ki mayar wa mahaifinki kayansa ba tare da sharaɗi ba, ki ba shi haƙuri, ke da mahaifiyarki. Dattijo ana gaya masa gaskiya ne a fuskarsa, ba a shirya masa a bayansa.

Maniru ya karya alkawari, haka ne, kuma kana da hakkin ka gaya masa ya yi maka ciwo. Amma ka dubi abin da ka ɗora masa. Shi ya ɗaga ka ranar, shi kaɗai ya ga yadda ƙafar ta yi. Da ta sake faruwa a inda babur ba ya shiga, shi zai tsaya gaban Kulu ya ce ya sani ya yi shiru. Ya zaɓi fushinka a kan wannan. Kada ka jira ya sake aike. Ka same shi bayan salla, ka faɗi abin da ke ranka har ya ƙare, ka saurari nasa, sannan ku sa ranar tashi tare. Mako uku ya isa a yi duk wannan in ka fara gobe.

Allah ya ba ka lafiya, ya daidaita tsakaninka da iyalinka da amininka, ya kai ku Kutawa lafiya ya dawo da ku da garkenku cikakke.

Malam Sirajuddeen