Babban Zai Jira Ƙaramin

Laraba da dare, Gwiwa

Yau na buɗe laftof ɗina da kaina. Na kwance notukan na zuba a murfin kwano. Ram ɗin da ke ciki, wato ɗan allon da ke ba kwamfuta sauri, gig huɗu ne, shi ya sa take jan ƙafa. Wanda na sayo a Kazaure takwas ne, kuma ya fi sauri.

A shagon na tambayi mai sayarwa ko za su zauna tare, tunda ba girmansu ɗaya ba. Ya ce, "Malam, sa abinka. Babban zai rage gudu ya jira ƙaramin."

Na sa, na kunna, ta tashi lafiya lau. Na waiga in nuna wa wani, babu kowa a ɗakin.

Na kira Yaya Sabi'u, shi ya bar min ita da zai koma Abuja. Bai ɗauka ba, kamar makon jiya. Muna yara, a hanyar makaranta a Roni, haka yake rage gudun kekensa har in iso.

Na sake kira. Wayar ta yi ta ringin har ta katse.