Awon Rijiyoyin Tama Kafin Ruwan Farko

Tama, farkon watan Afrilu

Zuwa ga ɗiyata Rufaida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya zafin Yamai, ya aikin jami'a? Mu nan lafiya lau, babanki ma ƙafarsa ta yi sauƙi.

Na saurari saƙonki har ƙarshe, raina bai yi daɗi ba. Kin faɗa cikin ruɗun da nake fama da shi da ɗalibaina a aji: a ga lamba babba, a ɗauka ita ce gaskiya. Kin ce maƙalunki na ciwon daji masana suna ta ambatonsu cikin nasu rubutun, na ruwan rijiyoyinmu kuwa ba mai waiwayarsu, don haka bana ba za ki zo awo ba.

Ɗiyata, masu binciken ciwon daji sun cika duniya. Masu binciken ruwan da ke ƙarƙashin duwatsun Adar fa, su nawa ne? Ko duk sun ambace ki, ba za su cika taksin Madawa ɗaya ba.

Ban raina aikinki na labo, ɗakin gwaji, ba. Ni na yi jinyar innarki, na san abin da ya kai ki can. Amma ciwonta ne kuma ya maido ki bakin rijiyoyinmu kowane rani, kina auna zurfin ruwa, kina tambayar me muke sha. Ke kika koya mini cewa awon bana, in ya wuce, baɗi ba ta maido shi.

Ki gaida maigidanki Attahiru.

Gwaggonki,
Biba

Tama, ƙarshen watan Mayu

Rufaida ɗiyata,

Ina gaishe ki da kyau. Ya gida, ya ƙarfin jiki? Amsarki ta iso, gajera ƙwarai, na gane kina nan kan bakanki.

To, ji abin da na yi. Ran Asabar na hau moto zuwa Madawa, inda rezon intanet ke da ƙarfi, na buɗe rubuce-rubucen da suka ambace ki. Ingilishina na lise, tun zamanin sakandare, ya tsufa, amma da ƙamus na lallaɓa. A wajen ciwon daji wasu sun yi aiki da sakamakonki sosai, har na yi ƙwalla. Da yawa kuwa sunanki na can cikin jerin sunaye a ƙarshen jimla, kamar gaisuwar taron suna.

A wajen ruwa na tarar da wani ɗalibi, Faruƙ, ɗan Garhanga. Ya bi hanyarki ya auna rijiyoyin garinsu, ya jera awonsa gefen naki, shekara da shekara. A shafinsa na ƙarshe ya rubuta cewa ba zai iya sanin ko ruwan kwarinsu na ja da baya ba sai ya ga awon Tama na shekaru masu zuwa. Bai san ki ba, amma ke yake jira.

Jiya da safe na ɗauko igiyar awonki daga ɗakin babanki, na tafi rijiyar garkar Audu mai albasa. Gwiwoyina ba su so durƙuso ba, Audu kuma yana ta yi mini dariya, wai madam ta bar alli ta koma kamun kifi. Na zura, na karanta, na sake zurawa na samu wata lamba dabam. Ban san wadda ce daidai ba, kwalaben ɗiban ruwan kuwa ban ma taɓa su ba, don kar in ɓata.

Hadari ya fara haɗuwa da maraice ta gabas. Ban ce ki yarda da ni ba. Ki buɗe aikin yaron nan da kanki, ki karanta shafin. In kin gama, igiya na rataye a zaure, ki zo ki zura ta da hannunki, ki nuna mini inda na yi kuskure.

Allah ya yi miki albarka.

Gwaggonki mai kewarki,
Biba