Ɗan Idi a Madafa

Litinin, 2 ga Maris, 1953
Yau na fara koyar da girki a gidan yaran nan na bayan tashar Agege. Shekara ashirin ina kukun Turawan reluwe, ban taɓa koya wa kowa ba. Yara tara, 'yan sha huɗu zuwa sha shida, waɗanda hukuma ta tsinto ba su da mai riƙo. Murhu biyu, tukwane duk lamba.
Na bakwai a layi Abdulganiyu ne, ɗan ƙanena Idi. Ban san nan aka kawo shi ba.
Ya dube ni, na dube shi. Na ce su je su wanke hannu.

Alhamis, 5 ga wata
Shinkafa. Ta caɓe, sun cinye abarsu suna dariya. Shi bai yi dariya ba. "Oga Kuku" yake ce mini kamar sauran.

Asabar, 7 ga wata
Bari in rubuta, tunda ba mai gani. Da Idi ya rasu bara waccan, shekararmu shida ba ma ga maciji, kan maganar da yanzu ko tuna farkonta ba na yi sosai. Uwar yaron ta riga shi rasuwa. Bayan addu'ar bakwai mahauta abokan Idi suka kawo mini shi har ƙofar gida. Na ce ba hali. Akwai hali. Haushin mamaci na huce a kan yaro.

Litinin, 9 ga wata
Miyar taushe. Na ba shi nama ya yanka. Yadda ya kwantar da wuƙa, ya bi gaɓa bai taɓa ƙashi ba, hannun Idi ne sak. Sai na ji kaina ina yi masa faɗa wai ya cika girman yanka. Bai cika ba.

Alhamis, 12 ga wata
Ban je ba. Na aika cewa zazzaɓi.

Litinin, 16 ga wata
Shugaban gidan, Bayarabe ne mai kirki, ya shigo madafa ya ɗanɗana miyar da Abdulganiyu ya haɗa shi kaɗai. Ya yaba. Ya ce mini da Hausarsa ta kasuwa, "Wannan yaro ya yi hannu. Amma ba shi da kowa. Mun tambaya Zangon Hausawa, babu wanda ya zo."
Yaron na tsaye nan da ludayi. Ni ma ina tsaye.
Na yi shiru. Wallahi na yi shiru, ina goge tebur da ya riga ya bushe.
Shi ne ya ce, "Haka ne, oga. Ba ni da kowa." A hankali ya faɗa, ba da fushi ba. Da zagina ya yi da ya fi mini.

Talata, 17 ga wata
Na gaya wa matata Talatu. Ta daɗe tana tsince wake ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Malam, ni na san yana can tun bara. Kai nake jira." Tuwon bai shiga ba.

Alhamis, 19 ga wata
Ƙosai. Mai ya fallatsa masa a hannu. Na kama hannun na tsoma a ruwa, ya bari na ɗan lokaci, sannan ya zare. "Na gode, Oga Kuku."

Juma'a, 27 ga wata
A masallaci na hangi Balarabe mahauci, wanda ya riƙo hannun yaron ranar da suka kawo mini shi. Na fita ta ɗaya ƙofar.

Lahadi, 29 ga wata
Ba ranar aikina ba ce. Hanya ce ta bi da ni ta wajen, kuma Talatu ta dama fura da yawa, kar ta lalace.
Ashe ranar ziyara ce. Akawu ya buɗe littafi ya ce wa na zo gani, kuma mene ne ni a wurinsa. Ga mutane a baya suna ji. Na ce baffansa ne, wan ubansa, ciki ɗaya. Ya ɗago ya kalle ni, ya rubuta.
Yaron ya daɗe bai fito ba. Da ya fito ya zauna can ƙarshen benci. Jirgin Kano ya wuce, na tura masa ƙwaryar furar. Ya sha furar rabi, ya ce ta yi tsami.
Ta yi tsami ɗin kuwa. Na ce Lahadi mai zuwa za a gyara.
Bai ce kar in zo ba.