Wanda Zai Wanke Ni

Laraba, 9 ga Fabrairu, 2022

Yau katafila ta cinye layinmu. Na tsaya har ta zo kan ƙofata, wadda na sassaƙa da hannuna shekarar da aka haifi 'yata Mastura. Ita ta fi ba su wahala. Wannan ya ɗan yi mini daɗi.

A Nuzla, nan cikin Jidda, aka haife ni, a nan na yi kafinta har gashina ya yi fari, daga nan na raka matata maƙabarta. Ina zaton daga nan za a ɗauke ni. Ashe unguwar ce za ta riga ni.

Asabar, 12 ga Fabrairu

Mastura ta gyara mini ɗaki a gidansu na Waziriyya, hawa na huɗu. Taga ɗaya, tana kallon bangon maƙwabci. Mijinta Hamad mutumin kirki ne, sai dai Hausarsa ta ƙare a "ina kwana". Na zauna a bakin gadon, na ji kamar an ajiye ni a kan kanta.

Na faɗa mata maganar jirgin. Usuman masunci ya sayi na zamani mai inji, ya bar tsohon na katako yana ruɓewa a gaɓar ruwa, kudu da Khumra. Ya ce in na iya toshe ramukansa, nawa ne. Akwai rumfa a bayansa da za ta ɗauki mutum ɗaya da butarsa.

"Ya Buya, kai ko iyo ba ka iya ba."

Buya take ce mini, wato baba. Na ce ai ba a cikin ruwan zan zauna ba, a samansa ne. Ba ta yi dariya ba. Ta ce mutane za su ce ta kori ubanta. Na ce waɗanne mutane, ai sun watse.

Talata, 22 ga Fabrairu

Na tare. Akwati, tabarma, kayan aiki, risho, buta. Na yi amai sau ba adadi, jirgin kuwa a ɗaure yake, bai je ko'ina ba.

Kakata ta sha ba mu labarin yadda suka tako a ƙasa tun daga Katsina, shekara da shekaru, suna noma a gonakin mutane suna ƙara gaba, har suka hau jirgi a Sawakin. Ta ce da ta sauka Jidda ta rantse ba za ta sake taka abin da ke lilo ba, ko lilon yara ne. Da ta ga jikanta yau.

Juma'a, 25 ga Fabrairu

Duk rayuwata teku tana bayana in zan yi salla. Yanzu sai in kabbara ina kallon gabas, kafin in yi sallama jirgin ya juya ni ina kallon Sudan. Usuman ya ce in ɗaure shi gaba da baya. Na ɗaure. Ya daina juyawa, ya koma ƙara kamar tsohon da ba a gaisar ba.

Litinin, 7 ga Maris

Na je duba Salihu. Shi da matarsa Zubaidatu sun sami ɗaki biyu a Waziriyya, ba nisa da Mastura. Ƙafafunsa sun kumbura, numfashi sai da matashi uku a bayansa. Abokina tun muna satar ƙanƙara a bayan motar mai kifi.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai Lado, warin me kake yi haka?"

"Teku."

"A'a, wannan warin gwauro ne."

Da Zubaidatu ta fita kawo shayi sai ya kama hannuna. Ya ce yana fatan ban manta ba. Ina zan manta. Ranar da muka wanke mahaifinsa, muna samari, muka yi alkawari a tsakar gida, hannuwanmu na ƙamshin kafur: duk wanda ya riga tafiya, ɗayan ne zai wanke shi. A Nuzla haka ake yi. Ba a kai mutum wurin baƙi su juya shi, wanda ya san jikinka da rai shi zai taɓa shi babu rai. Ni da shi mun wanke rabin layinmu.

Ya ce, "Kafaɗar nan ta hagu, ka bi ta a hankali. Tun da na faɗo daga gini ba ta miƙewa. Kada ka ja ta kamar kana cire ƙusa."

Na ce shi zai wanke ni, ya daina gaggawa. Ya ce yana ƙyamar gishiri.

Sannan ya ce, ba da wasa ba: "Ka tafi can ƙarshen duniya. A garin nan in mutum ya mutu da hantsi, la'asar ba ta samunsa a waje." Na ce waya tana aljihuna, taksi kuwa bai ƙare a Jidda ba.

Alhamis, 17 ga Maris

Ba wanda na yi wa magana yau sai wani tsuntsu. Bai amsa ba.

Lahadi, 27 ga Maris

Na gama ɗinke shira'i, wato babban zanen da iska ke turawa. Usuman ya hau ya koya mini: wannan igiya ka ja, wannan ka saki, sandar tuƙi ka tura ta hagu in kana son dama. Da zanen ya cika, jirgin ya miƙe ya daina ƙara, sai na ji wani abu ya sake a ƙirjina wanda yake ɗaure tun ranar katafila. Ba zan rubuta fiye da haka ba.

Usuman ya ce iskar nan kullum daga arewa take, kada in gangara kudu ni kaɗai sai ƙaramin injin da ya bari a jirgin ya gyaru. Na ce to. Injin yana tari kamar Salihu.

Asabar, 9 ga Afrilu

Azumi. A Nuzla tabarma ake shimfiɗawa daga bakin masallaci har shagon mai wanki, kowane gida ya fito da kwanonsa, kunun Zubaidatu shi ake wawa. Nan kuwa dabino, ruwa, romon gwangwani da ake kira shurba. Kiran salla yana zuwa mini daga nesa, in iska ta ga dama.

Mastura tana aiko Hamad da abinci. Yakan tsaya a bakin ruwa da farar rigarsa, ya miƙo kula kamar mai ciyar da kada. "Tafaddal, ya Ammi." Wato ga shi, baffa. Ya ƙi hawa. Ni ma ban matsa ba.

Likkafanina da na jiƙa da zamzam tun shekarar da na yi hajji na ƙarshe ya fara ɗigon baƙi saboda raɓa. Na shanya shi a kan igiyar jirgi. Masunta suka wuce suna kallo, babu wanda ya yi sallama.

Talata, 3 ga Mayu

Washegarin salla. Salihu ya ji sauƙi, har ya zauna a kujera ya sa hula. Kumburin ya saɓe. Ya ci, ya sha, ya zagi kowa.

"Wata nawa kana kwana a kan kifi, ko ƙaya ba ka kawo mini ba. Zubaidatu, wannan anya ba a cikin wani kango yake kwana ba?"

Ya ce kifin najil yake so, ja mai ɗigo-ɗigo, wanda na kama da hannuna, a yi masa sayadiyya, kifi da shinkafa mai albasa. Zubaidatu ta ce likita ya hana shi mai. Ya ce likitan yaro ne.

Na dawo da sauƙin zuciya. Wannan mutum zai binne mu duka.

Laraba, 18 ga Mayu

Masunta sun ce najil yana duwatsun kudu, tafiyar hantsi ɗaya. In fita da asuba, in dawo kafin azahar. Injin bai gyaru ba, amma ga iska kyauta.

Asabar, 21 ga Mayu

Sai yau hannuna ya yarda ya riƙe alƙalami.

Alhamis na fita. Tafiya kamar a kan kafet, iska a bayana, kafin rana ta yi zafi na isa. Na kama najil ɗin kuwa, babba, ja. Ina cikin yi masa surutu a bokiti waya ta yi ƙara. Mastura.

"Buya, kana ina? Ammi Salihu ya rasu. Bayan la'asar za a yi masa salla."

Na ce ga ni nan, kada kowa ya taɓa shi. Na dubi rana, na ce akwai lokaci har da saura. Lissafin mutumin tudu na yi: hanyar da ta kai ka da hantsi ɗaya, da hantsi ɗaya za ta maido ka. Duk titin da na sani a duniya haka yake.

Na juya kan jirgi arewa, zanen ya faɗo yana kaɗawa kamar wanki. Iskar da ta kawo ni ta tsaya a gabana. Na tuna Usuman ya ce sai dai a yi ta saɓawa, a shiga teku a fito, a shiga a fito. Na shiga, na fito, ga wani farin tanki a gaɓa. Na sake shiga har hannuna ya tsage, na fito, ga tankin dai, ya ma ɗan matsa gaba da ni. Na ja igiyar inji har kafaɗata ta ƙi. Na kira Usuman, wayarsa ba ta shiga, yana can cikin teku. Na nufi gaɓa in bar jirgin in bi ƙasa, duwatsu suka tare ni, ruwa na fashewa a kansu fari fat, ni kuwa ban iya iyo ba.

Mastura ta sake kira. Ta ce sun jira, mutane sun taru, zafi ya yi yawa, liman ya ce ba a ajiye mamaci. Na ce su ƙara mini kaɗan. Na dubi farin tankin, yana nan inda yake. Sai na ce, shi ke nan, ku wanke shi.

Ban ji kiran la'asar ba. Inuwar sandar jirgi ce ta faɗa mini. Ko tsayuwa in yi masa addu'a ban samu ba, in na saki sandar tuƙi jirgin ya kwanta.

Wasu masunta suka ja ni da igiya, rana na faɗuwa. Ba su tambaye ni komai ba, Allah ya saka musu.

Lahadi, 22 ga Mayu

Ranar ƙarshe ta zaman makoki. Ba layi, ba fitilu a kan titi kamar yadda ake yi a Nuzla, falon wani maƙwabci aka ara. 'Yan Nuzla da suka ji labari ba su cika kujerun ba.

Zubaidatu ta sa aka kira ni bakin labule. Na je na tsaya. Ita ta yi magana.

"Abu Mastura, shi ya aike ka. Halinsa ne, ya aiki mutum sannan ya sulale."

Na tambaye ta wa ya wanke shi. Ta ce ma'aikatan ɗakin wanka na masallaci, mutum biyu, ba ta san su ba. Sun yi aikinsu da kyau, an ce. Da aka nemi wani na gida ya shiga, babu kowa sai Hamad. Shi ya zuba ruwa.

Na same shi a matakala. Na ce kafaɗar fa? Ya sunkuyar da kai. Da Larabci ya ce sun ja ta don ta kwanta daidai, ya ji ta yi ƙara, bai san zai ce musu su bari ba. "Wallahi ya Ammi ban sani ba. Ba wanda ya taɓa nuna mini." Idonsa ya kawo ruwa. Ban taɓa kallon fuskar yaron nan da kyau ba sai ranar.

Juma'a, 3 ga Yuni

Jirgi ya fara shan ruwa ta gefen hagu. Ina kwarfewa. Ban nemo inda yake shiga ba.

Laraba, 8 ga Yuni

Na lissafa 'yan layinmu da suka iya wanka. Wanda bai mutu ba ya koma Makka wurin 'ya'yansa, wani an ce an mai da shi ƙasar da bai taɓa gani ba. Saura ni. Ni kuwa ba zan wanke kaina ba.

Talata, 14 ga Yuni

Jiya na je Waziriyya karɓar maganin gwiwa, ba don komai ba. Na tarar da Hamad a gida. Na ce ya kawo buta da tawul da bokitin da babu ruwa. Mastura ta ce me za a yi, na ce ta shiga kicin, wannan ba na mata ba ne.

Na kwanta a tsakiyar falo, na miƙe, na rufe ido. Na ce, to, na mutu, fara.

Ya tsaya kamar an dasa shi. "A'uzu billahi, ya Ammi."

"Mamaci ba ya jira. Yalla. Rufe ni daga cibiya zuwa gwiwa tukuna."

Na koya masa yadda ake naɗe hannu da ƙyalle, yadda ake ɗaga kai kaɗan a shafa ciki ba a danna ba, alwala, sannan dama kafin hagu. Ganyen magarya a ruwan farko, kafur a na ƙarshe. In gaɓa ta ƙi miƙewa a bar ta yadda Allah ya bar ta. Abin da ka gani kuma, ya mutu a bakinka. Ya juya ni kamar buhun siminti, na ce a hankali, gwiwar dama ce mai ciwo, ka riƙe wannan. Ya ce, da Hausa, "Na riƙe." Mastura na jin mu daga kicin, famfo a buɗe, ba abin da take wankewa.

Muka sake daga farko. A zagaye na biyu hannunsa ya fara sabawa. Ban san inda muka tsaya ba, sai farkawa na yi na ji an lulluɓe ni da bargo, ana kiran magariba a kusa, kusa sosai. Ƙasa ba ta motsi.

Bai iya ba tukuna. Naɗin likkafani ma ba mu taɓa ba, wannan kuwa ba aikin yini ɗaya ba ne. Na kira Usuman na ce ya riƙa leƙa jirgin yana kwarfe ruwan, kwana biyu kawai.

Tagar ɗakin nan tana ciza wajen rufewa. Na ce wa Hamad in ya je Khumra ya ɗauko mini kayan aikina. Da akwatin, tunda ya je.