Tokar Murhunki a Filin Rimi Biyu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan sallama, ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwa, a durƙushe kamar yadda kika koya mini, ko da yake na san ba zan ji amsa ba. Ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'imarSa. Mu nan gida lafiya lau. An gama kaka, masara ta shiga rumbu, jikokinki suna zuwa makaranta, matata Rabi kuma ba ta rabuwa da ambatonki.

Dalilin wannan takarda maganar ƙwallo ce. Na san da kina nan da kin ce, "Tanimu, har da furfura?" To, har da furfurar, Inna. Na yi ta juya maganar a littafin da nake rubuta abubuwan da suka faru a yini, in rubuta in soke, ban gamsu ba. Sai na ga ke kika fi cancanta ki ji ta, domin kina da rabo a ƙungiyarmu ta Rimi Biyu, duk da ba ki taɓa taka filin ba.

Kin tuna yadda ake yi a da. In za a yi wasa a gida, tun ana gobe kowane gida yake aiko da kwanon toka, da ita ake shata layukan fili. Ke ba kowace toka kike bayarwa ba. Totuwar masara kike warewa ki ƙona daban, don tokarta ta fi fari, sannan ki zauna a bakin murhu ki tankaɗe ta da rariya. In na gaji da jira na ce ai ƙasa za a zuba wa, sai ki ce, "Tokar gidana ba za ta je gaban mutane da gawayi ba." Baba ne mai igiya da turaku a lokacin. Shi yake ja, ni ina bin sa da kwano ina barbaɗawa. Da ya rasu igiyar ta dawo hannuna, har yau kuma tana nan.

Abin da ya fi ba ni mamaki game da ke shi ne kunnenki. Kina tsakar gida kina tuƙin tuwo, amma kin san duk abin da ake ciki a fili. Kin taɓa gaya mini in mu muka ci, ihun yakan tashi ya ƙi sauka, in baƙi ne suka ci, yakan tashi gajere ya mutu. Sau nawa na shigo da dogon bayani a bakina, kafin in buɗe shi ki ce, "An ci ku. Wanke hannu, tuwo ba ya jiran mai baƙin ciki."

Bayan rasuwarki abubuwa sun sauya. Kin san Alhaji, ɗan ƙawarki Gwaggo Kulu, wanda kika sani tun yana yawo da yagaggen wando. Allah Ya buɗa masa a harkar taki a Kaduna. Ya zo ya saya wa 'yan wasa riguna da takalma, ya kawo bas. Muka taru a gindin rimi muka ɗaga hannu ya zama ciyaman, aka mayar da rajistar ƙungiya da sunansa. Ni ma na ɗaga nawa, kuma ba zan ce hauka muka yi ba. Kafin zuwansa, a bayan motar rake 'yan wasanmu suke zuwa Kudan, su sauka ƙafa duk ta sage, a ce su shiga fili.

Da farko mun ji daɗi. Daga baya sai sunansa a ƙirjin riga ya fi na ƙungiya girma. Ya sallami Malam Iro, kocin da ya raini 'yan wasan nan tun suna buga lemon tsami a lungu, kuma ta waya ya sallame shi, mutumin yana tsakiyar gona. Ya ɗauke mana wanda ya fi kowa cin ƙwallo ya kai birni, ba wanda ya yi wa sallama. Shi kansa ya daina zuwa kallo. Sannan ya aiko da buhunan farar hoda da wani gwangwani mai taya da ake turawa, ya ce shata fili da toka ƙauyanci ne. Gaskiya layin hodar yana da kyau, Inna, ba zan ɓoye miki ba, fari tas, miƙe kamar zare. Ba wanda ya hana mata aiko da toka. Kawai dai ba a ƙara tambayarsu ba, sai kwanukan suka daina zuwa.

A watan jiya labari ya iso cewa in an gama wasannin bana zai kwashe ƙungiyar ya mayar da ita Zariya, ya sa mata wani suna. Ba daga bakinsa muka ji ba, daga bakin direban bas muka ji.

Magoya baya suka taru a teburin Garba mai shayi, abokina tun firamare, wanda kike cewa bakinsa ya fi butarsa zafi. Wasa ɗaya ya rage mana, da mutanen Makarfi, ranar Asabar, a filinmu. In ba a buga shi ba za a ba su maki, mu kuma mu faɗo daga gasar. Aka yanke cewa ba mai zuwa kallo, kuma ba za a shata fili ba, tunda alƙalin wasa ba ya busa usur a filin da ba layi. Garba ya ce, "Gara ta mutu a hannunmu mu binne ta, da ta rayu a gidan wani." Sai ya juyo kaina ya ce, "Kai kuma Malam Tanimu, aikinka mai sauƙi ne, ka naɗe igiyarka. Ko sai ka je ka tambayi littafinka tukuna?" Aka yi dariya. Ni ma na yi, kamar yadda kika san ni.

Na tafi gida ina juya maganar. Suna da gaskiya, kuma fushin da suke yi ni ma ina yin sa. In na tura gwangwanin Alhaji na shata masa fili da hodarsa, tamkar na ce masa ya yi yadda ya ga dama da mu, ga bawansa nan. Kuma zan rasa mutanen da muka tsaya rana tare shekara da shekaru. Amma in na naɗe igiya, ba Alhaji zai ji zafin ba. Yana Kaduna a cikin sanyin ofis. Waɗanda za su ji su ne 'ya'yan garin nan da suke wuni a gona su zo atisaye da yamma, su ne za a ce a ƙafarsu ƙungiya ta faɗi, alhali ba a bar su sun ko taɓa ƙwallon ba. Sai na tuna abin da kike gaya wa matan unguwa in sun kawo miki ƙara: "In kin yi fushi da maigida, ba yara za ki hana tuwo ba." Na rubuta cewa zan shata. Da gari ya waye na soke.

Ranar Alhamis na shiga ɗakinki neman wani buhu, don yanzu a can muke ajiye tarkace. Sai na ga rariyarki a rataye a ƙusa, inda kika bar ta, bakinta duk ya cinye. Na ciro ta daga ƙusar. Da na fito na gaya wa Rabi cewa zan shata filin, amma ba da hodar Alhaji ba, da toka. Na ce tokar murhunmu kaɗai ko gaban raga ɗaya ba za ta isa ba, saboda haka in gari yana son a yi wasa, toka za ta zo, in ba ta zo ba na san amsar gari, sai in naɗe igiyata da zuciya ɗaya. Ita kaɗai na gaya wa. Ta ce "To," ta yafa mayafi ta tafi gidan suna. Kin fi ni sanin irin tafiyar da magana take yi a gidan suna.

Da na dawo daga masallacin Juma'a sai da na nemi wurin sa ƙafa a zaure. Kwanuka ne, da ƙore, da tsohuwar tasa, da bokitin fenti, har da leda. Wata tokar fara, wata ruwan ƙasa, wata cike da gawayi, da kin gani da kin yi tsaki. Akwai amaryar da ke girki da gas, ba ta da murhu, sai ta roƙo a maƙwabta ta aiko da sunan gidanta, wai kada a ce babu su.

Garba ma ya zo da kansa, fuska a murtuke, da kwanon matarsa a hannu ɗaya, tokar murhun shayinsa a ɗayan. Ya dire su ya ce, "Ba don kai ba ne. An ce in ban kawo ba, in nemi inda zan ci tuwo."

Bayan la'asar na ji sallama a ƙofa, muryar tsohuwa. Gwaggo Kulu ce, Inna, da sandarta, ta tako tun daga gidanta da kwano a rufe da faifai. Na durƙusa na gaishe ta, na rasa inda zan sa idona, don duk abin nan a kan ɗanta ake yi. Ta buɗe kwanon. Tokar totuwa ce, fara, tankaɗaɗɗiya. Ta ce, "Ni na haife shi, amma ban haifa masa garin ba. Wannan a tsakiya za ka zuba." Sai idonta ya faɗa kan rariyar da ke hannuna. Ta gane ta. Ta karɓa ta shafa bakinta da yatsa, ta ce, "Uwarka ta fi ni hannu a tankaɗe," ta goge ido da gefen mayafi. Ta miƙo mini ita, ta ɗauki sandarta.

Da safiyar Asabar na ja igiya. Layukan ba su kai na hoda kyau ba. Wani wuri fari, wani wuri toka-toka, in ka bi su da ido kana iya cewa nan gidan wane ya ƙare, nan na wane ya fara. Da'irar tsakiya ce kawai ta fito fes. Alƙalin wasa ya zagaya, ya murza layin da takalmi, ya ce layi layi ne.

Mutanen Makarfi da suka sauka daga mota suka fara tsiyarsu. Wani ya ce, "Masu toka sun dawo. Hodar ta ƙare ne, ko mai hodar ne ya ƙare?" Garba, wanda ya rantse ba zai zo ba, yana nan a gindin rimi, ya ce, "Ku dai ku sha rakenku a hankali, kada ɓawo ya faɗa kan tokar iyayenmu." Malam Iro ya tsaya a bayan raga kamar ɗan kallo, amma duk 'yan wasan shi suke waiwaye. Ba kowa ya zo ba. Akwai waɗanda har yau gaisuwarsu gare ni gajeriya ce, kuma ban ga laifinsu ba.

Su suka fara ci. Mu muka rama dab da tashi. Aka yi kunnen doki, kuma hakan ya ishe mu mu zauna a gasar.

Alhaji bai zo ba. Na ji an gaya masa tokar wa aka zuba a tsakiyar fili, amma har yanzu bai ce uffan ba, kuma ba zan yi miki ƙaryar cewa ya fasa ba. Garba ma ya ce taimakon Alhaji na yi, tunda ƙungiyar da ba ta faɗo ba ta fi daɗin ɗauka. Wataƙila haka ne. Na yi ta auna maganar ban samu inda zan kayar da ita ba. Sai dai bayan wasa mun zauna a gindin rimi, har da wasu daga cikin masu fushin, muka yi lissafin abin da zai iya ɗauka: bas, da riguna, da rajista, ko da sunan ma. Rimayen ba sa shiga mota. Malam Iro ya ce usur ɗinsa yana nan a aljihu. Muka yi alkawari in ya kwashe nasa, za mu sake farawa da namu, ko da a bayan motar rake ne. Garba ya ce igiya dai ta zauna a wurina, tunda ba wanda zai iya jure sanyin jikina sai ita.

Ga abin da ya sa na ɗauko biro, Inna. Da na shigo gida, toka har gira, na shirya yadda zan ba da labari daga farko. Rabi tana bakin murhu tana tuƙi, ko waiwayowa ba ta yi ba. Ta ce, "Sun fara cin ku, kuka rama. Wanke hannu." Na tsaya da igiya a kafaɗa ina kallonta. Ban san yaushe ta koya ba, ko ke kika koya mata ina fili ban sani ba. Na wanke hannun. Amma kafin in zauna sai da na shiga ɗakinki na mayar da rariya ƙusarta.

Allah Ya jiƙan ki, Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinku fiye da yadda kika haskaka mana fili. Allah Ya saka miki da kowane kwano da kika tankaɗe don abin da ba ki taɓa gani ba. Allah Ya ƙara wa Gwaggo Kulu lafiya, Ya karkato da zuciyar ɗanta gida, Ya huce zukatan waɗanda na ɓata wa. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, Ya haɗa mu da ku a Aljanna. Amin.

Ɗanki da har yanzu yake bin igiya,
Tanimu